Lahadin da Ɗan Azumi Bai Yi Shuka Ba

In ka fita Madarunfa za ka tafki, akwai wata gona shimfiɗaɗɗiya a hannun dama da har yau ake ce mata Taran. Tambayi yaran yanzu dalili, sai su ce maka wai sunan wani Bature ne. Bature kuma! Ba Bature ba ne, ba aljani ba. Taran filin ƙwallo ne da bakin 'yan lekol, wato makarantar boko, kuma gonar Ɗan Azumi ce, mai tsaron ragarmu. Ya daɗe da rasuwa, bai bar kowa ba sai 'ya ɗaya da ta girma a Gabi. Ni Inusa ni ne ɗan gaba a lokacin, lamba tara, saboda haka in na ba da labarinsa ba ji na yi ba. Akwai ma inda na so a ce ji kawai na yi.

Sa'ana ne, unguwa ɗaya muka tashi. Dogo, siriri, tafukan hannu kamar faifai, magana kuwa sai an ja ta da ƙarfi. Shi kaɗai ya rayu cikin 'ya'yan uwarsa. Da aka zo kamun yara lekol ubansa ya ɓoye shi cikin rumbu kwana biyu, don haka bai taɓa zama a aji ba. A 1962 aka kawo mana malami daga Maraɗi, Mushe Kalebu (Mushe ake ce wa malamin lekol), Kirista ɗan gidan mishan, ya zo da akwati da keke da ƙwallo guda, balan muke ce mata. Kullum la'asar sai ya raba mu biyu a bayan aji. Ɗan Azumi yakan tsaya daga nesa ya naɗe hannu. Ran nan aka ɗaɗa balan ta nufi fuskarsa, ya sa hannu ɗaya ya cafe, ya tsaya yana kallonta kamar an miƙa mashi jariri. Mushe ya yafito shi, ya tsayar da shi tsakanin duwatsu biyu, ya ce kar ya bar komai ya wuce. Daga ranar wurin ya zama nasa.

Kun san aikin mai raga. In an ci mu, shi kaɗai za a juya a kalla. In mu muka ci, can muke taruwa a ɗaya ƙarshen muna rungumar juna, shi yana nan baya yana tafa manyan hannayen nan shi ɗaya. Mu dai mun ɗauka wurin ya dace da halinsa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ko yana son a zo a rungume shi shi ma.

Aka mayar da Mushe Kalebu Maraɗi, mu kuma muka girma, muka yi aure, ba mu bar balan ba. A 1969 aka gina sababbin azuzuwa a inda muke wasa, muka rasa fili. A shekarar ce uban Ɗan Azumi ya rasu ya bar mashi gona ɗaya tak, wannan ta bakin hanya, rairayi ne lumui, babu tudu babu kwari. Muna zaune muna ta surutun inda za mu koma, sai ya ce a yi a gonarsa. Muka yi ta murna muna dukan bayansa. Dattawa kuwa suka ce yaron nan ya zare, wa ya taɓa ba ƙarti ashirin da biyu gonar gado su tattake? Matarsa Ladi, 'yar Gabi ce, mace mai aiki da saurin hannu, ita ma ta yi magana, ya ce mata da rani ne kawai, kafin ruwa ya sauka an gama.

Kuma haka abin ya riƙa tafiya. Da zarar an kai dammuna gida sai ya tone tushiya ɗaya bayan ɗaya, ya share ƙarangiya, don yawancinmu ba takalmi muke wasa ba. Ya kafa azara huɗu, ya roƙo tsohuwar koma wurin masuntan tafki ya ɗaura ta zama raga. Layi kuwa da toka yake ja. Yakan bi gida-gida da kwando yana kwashe wa mata tokar murhu, suna tsokanarsa wai ko kanwa zai dafa. In balan ta fashe shi ke ɗinke ta da basilla. Mu namu mu zo mu buga mu tafi.

A 1971 buron lig na Maraɗi, ofishin da ke shirya gasa, ya karɓe mu a rukuni na biyu. Kada ku raina. Ƙungiya takwas ce, da garuruwan Safo da Gabi da Sarkin Yamma da wasu, har da biyu daga cikin Maraɗi. A samanmu akwai manyan birni masu takalma da motar kansu, a ƙasanmu kuwa babu komai sai wasan unguwa. A takarda sunanmu Etuwal, wato Tauraro, amma ko'ina muka je Tarwaɗa ake ce mana, wai muna warin tafki. Aka ɗauke mu hoto, aka ba kowa lisans, wani ɗan kati mai hoto da hatimi wanda sai arbit, alƙalin wasa, ya duba shi kafin mutum ya shiga fili. Ɗan Azumi bai iya karanta ko baƙi ɗaya a jikin katin ba, amma shi muka ba ajiyarsu, don mun san a hannun waninsa ba za su kai wata ba. Ya naɗe su cikin fata ya sa a gwangwanin madara.

Dokar lig ɗaya ce kowa ya haddace. In lokacin wasa ya yi, arbit zai jira minti goma sha biyar. Ƙungiyar da ba ta tsayar da mutum bakwai da katinsu ba, an ci ta ba a buga ba, shi ake cewa forfe. Forfe uku a shekara ɗaya, an soke sunan gari daga littafi. Wanda aka soke kuwa ba mu taɓa ganin ya dawo ba.

To, shekarar da nake son faɗa ita ce wadda ta biyo damina ta 1973. Ku da ba ku gani ba, Allah kar ya nuna maku. Hatsi ya yi kai ya bushe a tsaye. Tafkin nan da kuke gani ya ja baya har ana taka tsakiyarsa. Kafin a fara wasa a watan Nuwamba rabin samarin gari sun tsallaka Najeriya cin rani, cikinsu har da 'yan bayanmu uku da kaftin ɗinmu. Mu goma muka rage, kuma goman ma sai ka ga mutum ya yi gudu biyu ya dafa gwiwa. Ladi ta ɗauki 'yarsu Asma'u ta tafi wurin wanta a Gabi, inda ake ɗan samun garin kwaki daga ƙetare. Ba yaji ta yi ba, kar wani ya ce na ce. Shawara suka yi, ta ce duk ranar da ruwan shuka ya sauka za ta dawo su shuka gonar tare. Ya rage shi kaɗai a gidan, da tukunyar iri guda da ya liƙe bakinta da laka. Na san ya kwana da yunwa ba sau ɗaya ba, tukunyar na nan a kusurwar ɗaki, bai fasa ta ba.

Mun so mu ce a haƙura da lig bana. Shi ya ƙi. Ya riga ya tone tushiyar hatsin da bai ba shi ko dami biyar ba, ya ja layi. Ka je ka ce wa mutumin da ya yi wannan ba za ka buga ba? Muka buga.

Wasan farko 'yan Maraɗi suka zo da takalmansu masu ƙusa suka zura mana shida. Da ba Ɗan Azumi ke raga ba da goma sha shida ne. Muka je Gabi muka ci ɗaya, ni na ci, kuma da ƙwauri na ci, ban ma ga zuwanta ba, amma shekara da shekaru ina faɗa wa mutane da gangan na yi. A ranar Ladi ta zo bakin fili da Asma'u a baya, ta kawo mashi farau-farau a ƙwarya, ya kurɓa sau ɗaya ya miƙa mana. Da Sarkin Yamma muka yi canjaras bayan Ɗan Azumi ya kama fenalti a minti na ƙarshe. Ya kwanta a kan balan ɗin ya daɗe bai tashi ba, muka ɗauka wayo yake don lokaci ya ƙare. Ashe jiri ne ya kama shi.

'Yan kallo ma sun watse. A da in muna wasa har masu tuyar ƙosai ke zuwa. A shekarar nan sai ka ƙirga tsofaffi huɗu a gindin gawo, da awakin da ke neman abin da babu.

Forfe na farko ya same mu a Janairu, ranar da ake rabon dawar agaji a gari, kowa ya tafi layi da buhunsa, mu biyar muka tsaya. Na biyu a Maris, kamiyon, babbar motar kaya da muka roƙa ta kai mu, ta mutu a tsakiyar hanya, muka ƙarasa a ƙasa muka tarar arbit har ya sa rigarsa. Ya rage ɗaya. Daga nan duk jajibirin wasa Ɗan Azumi sai ya bi gidajenmu. Ba ya cewa komai mai tsawo, sallama ce da gaisuwa, sannan ya ce gobe ne fa. Mutumin da gaisuwa ma ke yi wa nauyi, shi ne ya koma bin ƙofa-ƙofa.

Da an bi tsari da an gama lig a ƙarshen Afrilu, kamar kullum. Sai sojoji suka karɓi mulki a Yamai, mutanen buro suka rufe ƙofa suna jiran su ga yadda ƙasa za ta zauna. Da suka buɗe sai suka jera sauran wasanni ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya faɗo a wata Lahadi cikin Yuni, mu da Safo, a gidanmu. Mutanen da ke zaune ƙarƙashin fanka ne suka rubuta ranar. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi gabas a cikinsu.

Ranar Asabar da la'asar hadari ya haɗo daga wajen Katsina, baƙi ƙirin. Aka yi ruwa, ruwan gaske, irin wanda muka shekara biyu ba mu gani ba. Da ya ɗauke, tsofaffi suka fita suka tona ƙasa da hannu, laima ta wuce taƙi guda. Mata na guɗa, wani tsoho na gani zaune a ƙofar gidansa yana kuka. Kowa ya san abin da ke nan. Rairayinmu ba ya riƙe ruwa. Kana da gobe, kana da rabin jibi, in ba ka zuba iri ba ka jira wani ruwan, kuma a shekarun nan ba wanda ya san ko akwai wani.

Ga shi kuwa gonar Ɗan Azumi ita ce filin wasa. In ya sare ta da sungumi ya zuba iri, babu inda za a buga, forfe na uku ke nan. In ya bar ta don a buga, ranar shuka ta wuce shi.

Lahadi ana idar da sallar asuba ya fara bin mu. Wasu ya same su a ƙofar masallaci, wasu har sun kama hanyar gona. Ni ya cim mani ina ɗaura tukunyar iri a kan jaki, matata na jirana a gaba.

Ya ce, "Inusa, ƙarfe huɗu ne. Ba goma nake nema ba, shida nake so, ni na bakwai. In ba za ka samu zuwa ba ka faɗa mani yanzu."

Ku ji fa, ya ce in faɗa mashi. Ya buɗe mani ƙofa da hannunsa. Amma ta yaya zan dubi idon abokina, wanda na shekara biyar ina tattaka gonarsa, in ce mashi a'a? Ba a haka aka raine mu ba. A wurinmu wanda ya ƙi ka a gaban idonka ya ci mutuncinka, wanda ya ce to ya ƙi zuwa kuwa ya rufa maka asiri. Na ce mashi haba, Ɗan Azumi, in Allah ya yarda da azahar na dawo. A cikina na san gonarmu tafiyar awa ce, na san ko magariba ba za mu gama ba. Na kuma ce a raina, ai shi ma ɗan gari ne, ya san irin wannan amsar, zai gane.

Mu tara ya tambaya. Mu tara muka ba shi amsa iri ɗaya, kowa na tsammanin sauran ne za su je, ko kuma kowa na tsammanin zai gane. Kuma ina ga ya gane ɗin, don ba wawa ba ne. Sai dai a ce daga cikin tara ba za a samu shida masu gaskiya ba? Wannan lissafin ya yi, ya koma gida ya ɗauko kwandon toka, domin ruwa ya wanke layin jiya.

Da hantsi Ladi ta iso. Tun da sassafe ta tako daga Gabi a ƙasa, ta bar yarinya wurin matar wanta, ta zo da ƙullin irin wake a ka. Ta cika alkawarinta. Shuka aikin mutum biyu ne, namiji na gaba yana sara da sungumi, mace na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. Ta tarar da mijinta a duƙe yana jan layi a gonar da ta zo shukawa. Abin da ya gudana tsakaninsu daga bakinta na ji daga baya. Ta ce ya ɗauko sungumi. Ya ce ta yi haƙuri, yau ce ta ƙarshe, gobe da asuba za su fara. Ta ce wa zai zo mashi ƙwallo ranar shuka? Ya lissafa mata mu da sunayenmu. Ta ce to ya bar ta ta shuka gefe-gefe, inda layi bai kai ba. Ya ce nan 'yan kallo ke tsayawa.

'Yan kallo! Allah sarki, Ɗan Azumi.

Ta zauna a gindin gawo da ƙullinta a cinya har aka kira azahar. Da ta ga ya shiga ɗaura raga sai ta tashi, ta ɗora ƙullin a ka, ta kama hanyar Gabi. Ya bi ta da kallo, bai sauko daga kan azarar ba.

Arbit ɗin da buro ya aiko ranar ba wani ba ne, Mushe Kalebu ne, ya fara furfura, ya zo a mobilet, ɗan babur ɗinsa, bayan an tashi daga coci. Shi ya ba ni sauran labarin bayan shekaru, a kasuwar Maraɗi, kuma ko a lokacin muryarsa sai da ta canza. Ya ce ya tarar da fili an share, layi fari tas a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, raga a ɗaure, Ɗan Azumi cikin baƙar rigarsa ta mai raga, gwangwanin kati a hannu, babu kowa. Gonakin da ke kewaye cike da mutane a duƙe, ba mai ɗago kai.

Ga abin da ke ci mani rai har gobe: 'yan Safo ma ba su zo ba. Su ma manoma ne, ruwan da ya sauka mana ya sauka masu. Su ba su da forfe ko ɗaya, bai dame su ba. Da mu shida mun zo da ƙafafunmu na laka mun tsaya minti goma sha biyar, an duba katinmu, da an rubuta mun ci ba tare da mun taɓa balan ba, kowa ya koma gonarsa. Minti goma sha biyar, jama'a. Tsawon shan hura.

Mushe ya ce ya duba agogo ya ga lokaci ya cika, ya mayar da hannun aljihu. Ya jira rabin awa. Ya jira minti arba'in. Ɗan Azumi na tsaye a bakin raga yana duban hanya, in ya hango mutum sai ya yi taku biyu gaba, sannan ya dawo. Daga ƙarshe Mushe ya matsa kusa da shi. Mutumin nan ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, a aji ko a fili, har haushinsa ake ji don haka. Ya ce mashi zai rubuta cewa ruwa ya ɓata fili, ba a iya wasa ba, sai a ɗaga zuwa Lahadi mai zuwa.

Ɗan Azumi ya dubi filin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya ce, "Mushe, filin nan bai taɓa kyau kamar yau ba."

Mushe ya ce ya sani, amma ya bar shi ya rubuta.

"In ka ɗaga, sai in sake riƙe gonar kwana bakwai, in sake bin su, su sake ce mani to. Busa kawai, Mushe."

Na ji busar nan. Gonarmu na da nisa, amma bayan ruwa iska kan kai sauti, kuma kunnena tun azahar yana can. Sau uku, na ƙarshen da tsawo. Na tsaya da sungumi a sama. Matata da ke bayana ta tambaye ni ko ƙaya na taka. Na ce a'a, na ci gaba da sara. Kunya ce ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, amma ban ajiye sungumin ba, kuma ba zan yi maku ƙarya in ce na yi niyyar ajiyewa ba.

Litinin da safe na bi ta bakin hanya zan tafi gonar dawa ta babanmu. Na hango shi. Yana sara layi ɗaya har ƙarshe, ya ajiye sungumi, ya dawo farko ya ɗauki ƙwarya, ya bi yana zubawa yana rufewa, ya sake komawa ya ɗauki sungumi. Aikin mutum biyu a wuyan mutum ɗaya, a ƙasar da muka yi wata bakwai muna dannewa, rana kuma tana shanye laimar a gaban idonsa. Na ja jakina na zagaya ta bayan dangar kara don kar mu haɗa ido. Sauran ma haka suka yi, mun tambayi juna daga baya.

Takardar soke mu ta zo bayan mako biyu. Ya sa wani ya karanta mashi, sannan ya bi gidajenmu karo na ƙarshe, ya miƙa wa kowa katinsa. Bai zagi kowa ba. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya tambaye ni ya shuka, na ce alhamdu lillahi ta tsira, ya ce madalla.

Damina ta yi kyau a shekarar, kowa ya samu. Gonarsa ce kawai ta fito gurbi-gurbi, nan tsiro can fili, don rabin irin a busasshiyar ƙasa ya faɗa. Sai inda ya shekara biyar yana zuba toka, nan hatsi ya tashi kore shar, ya fi sauran tsawo. In ka tsaya a bakin hanya sai ka ga filin ƙwallo sak a cikin gona, da layin tsakiya da da'irar da gidan mai raga. Mutane suka riƙa tsayawa suna nunawa suna dariya. Ni in na zo wurin sauri nake ƙarawa.

Ladi ba ta dawo ba. Da aka kai maimai, noma na biyu, na kasa daurewa, na same shi na ce bari in je Gabi biko. Bai ce in je ba, bai ce kar in je ba. Na hau keke na tafi, ina ta shirya kalamai a hanya, ina ganin ko wannan ɗaya na gyara na rage wani abu.

Ta karɓe ni da mutunci, ta kawo ruwa, ta tambayi iyali. Na fara jawabina na haƙuri da zaman aure, ta bar ni har na gaji. Sannan ta ce, "Malam Inusa, ranar nan sunanka ya fara kira mani. Ni ma na zauna ina duba maku hanya har azahar."

Na sunkuyar da kai. Ta ce ita ba ƙwallo ta ji wa haushi ba, ta zauna da shi da ƙwallonsa shekara shida. Amma ta tako daga Gabi da ƙafarta ranar da ta ce za ta zo, ita kaɗai ce ta zo mashi a duk ranar, kuma ita ya bari ta tafi, mu ya tsaya jira.

"Ka gaya mashi ba zan koma ba. Kuma don Allah ka faɗa mashi yadda na faɗa, kar ka gyara."

Duk hanyar dawowa gyarawar nake yi. Zan ce ta ce a ba ta lokaci. Zan ce ta ce sai bayan kaka, in Allah ya yarda. Haka duk ɗan aike mai hankali ke yi, ba a kai wa mutum irin wannan saƙon tsirara. Har na zaɓi wadda zan faɗa.

Na same shi da la'asar yana noma a wajen ragar gabas, azarar na nan tsaye bai cire ba. Ya ɗago, ya dogara da hauya, ya share gumi. Ya dube ni kamar yadda ya dube ni ran Lahadi da asuba a kusa da jakina.

Ya ce, "Me ta ce?"

Maganar da na shirya tana bakina. Na ga in na faɗe ta, mutumin nan zai share ɗaki, zai riƙa fitowa bakin hanya yana duban wajen Gabi har kaka ta wuce.

Na ce, "Ta ce ba za ta dawo ba."

 Ya gyaɗa kai a hankali.

"Na gode, Inusa," ya ce. Ya duƙa ya ci gaba da nomansa. Na tsaya riƙe da keke har na ga ba zai sake ɗagowa ba, sannan na tafi gida.